Yadda Ake Tanadin Itace da Gyaran Murhu Kafin Hunturu Ya Kankama

Da zarar ruwa ya ɗauke an shiga kaka, Innarmu takan zagaya bayan ɗaki ta duba abin da ya rage na itace. Mu yara gani muke da sauran lokaci, tunda har sannan gumi ake yi da rana. Ita kuwa sai ta ce, "Ke 'yar nan, itacen ɗari da kaka ake tara shi. Ranar da hazo ya sauko, kowa ƙofar mai itace zai nufa." Sai da na yi gidan kaina na ga gaskiyar maganar. Duk shekarar da na yi sakaci, ɗanye nake saya da tsada, in wuni ina fifita, idona na hawaye, yara suna tari.

Hunturu a ƙasarmu yakan shigo ne daga ƙarshen Nuwamba ya kai Fabrairu, wata shekarar har Maris. Iskarsa daga arewa maso gabas take tasowa, busasshiya ƙayau, ɗauke da ƙurar Sahara wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa. A Kano ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 13 ko 14 da dare, a Jos da tsaunin Mambila kuwa yakan yi ƙasa da 10. Saboda haka cin itace yake ƙaruwa, ga girki, ga ruwan wanka da na alwala, ga jin ɗumi. Iskar da ke kawo sanyin ita ce kuma take kwashe zafin murhu, ita ce take ɗaukar tartsatsi ta kai kan zana. Shi ya sa gyaran itace da gyaran murhu aiki ɗaya ne, ba a yin ɗaya a bar ɗaya.

Fara da lissafi

Kafin a sayi ko tsinke, a ƙirga abin da gida yake ci. Ki ɗauki mako guda ki lura da yawan ɗaurin da kike ƙonawa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu mako 14 ne ko 15. Idan ɗauri 10 kike ci a mako, kin ga 140 ke nan a mako 14. Sai ki ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda ruwan zafi, ya kama kusan 190. Idan akwai mai ciki da za ta haihu cikin ɗari, itacen wankan jego lissafinsa daban ne, kuma maigida ya san da shi tun da wuri, don kwana 40 na dafa ruwa a babbar tukunya ba ƙaramin itace yake ci ba. Haka gidan da ke da tsoho ko marar lafiya.

Wane itace?

Ba kowane ice ne na wuta ba. Mai nauyi, mai tauri, shi ne yake daɗewa yana ci kuma ya bar garwashi. Marke yana kan gaba. Sai ƙirya, wadda maƙera suka fi son gawayinta saboda ƙarfin wutarsa, sai bagaruwa, aduwa, kanya, taramniya da geza. Sabara da kalgo ba su da kauri, amma suna da kyau wajen tayar da wuta da girkin sauri. Darbejiya da turare suna ci sosai idan sun bushe, kuma su ne ya fi dacewa a riƙa sarewa, tunda dasa su ake yi, suna kuma sake tohowa. Kuka da rimi kuwa asarar kuɗi ce. Cikinsu kamar soso yake, su yi bal su mutu, ba garwashi sai toka.

Akwai waɗanda ba na bari su shigo madafata ko da kyauta ne. Tumfafiya da tinya masu farin ƙaro ne mai dafi, hayaƙinsu yana cin ido da maƙogwaro. Katako mai fenti, da falankin da aka yi wa maganin gara, da guntun turken wutar lantarki, duk akwai sinadari a jikinsu wanda yake tashi cikin hayaƙi ya sauka a kan abinci. Leda da roba da tsohuwar taya ma haka. Na san da yawa da leda suke tayar da wuta don tana kamawa da wuri, amma wannan baƙin hayaƙin a ƙirjin mai girki da na goyon da ke bayanta yake zama.

Wanda zai sara da kansa a gona, don Allah ya bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo. Abin da suke ba gida a tsaye, na daddawa da man kaɗe da takin ƙasa, ya fi wutar mako biyu da za su yi. Akwai hanyar samun itace ba tare da an kashe bishiya ba, wato sassaben zamani. A yankin Maraɗi aka fara yaɗa shi a 1983, lokacin da wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma suke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share toho duka, sai a zaɓi rassa 2 zuwa 5 mafi ƙarfi a bari, a datse sauran, kowace shekara kuma a rage na gefe. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Rassan da ake datsewa su ne itacen gida, kuma mata sun huta da doguwar tafiya daji. Idan kuwa a gandun daji za a sara, sai da izinin ma'aikatan gandun.

Mai saye ya buɗe ido. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya cin wutar kirki sai ruwan ya ragu ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ga yadda ake gane busasshe: bakinsa ya tsattsage, ɓawonsa yana saɓulewa da kansa, ya yi sakayau a hannu, idan aka gwara guda biyu sai su yi ƙara rau kamar taɓarya ta bugi taɓarya. Ɗanye ƙararsa a dushe take, kuma idan aka kanga kunci a inda aka fasa za a ji sanyi. An taɓa kawo mini kaya guda a amalanke, na waje duk busasshe, na yi murna na biya. Da na kwance sai ga na tsakiya jiƙe sharkaf. Tun daga ranar nakan ce, "Baba, a kwance mini ɗaya in ga cikinsa," kuma mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Faskare da shanya

Gungume ba ya bushewa da wuri, don ɓawo yana tsare ruwa a ciki. A datsa shi tsawon kamu ɗaya, a faskara tun yana ɗanye, lokacin ne gatari ya fi shigarsa. Kaurin kowane faskare kada ya wuce damtsen hannu, rabinsu ma a mayar da su kaurin tsintsiyar hannu, don murhun da zan bayyana a gaba siraran itace yake so. Mai faskare ya duba ƙotar gatari ko ta yi sako-sako, domin busasshiyar iska tana sa ƙota ta tsuke, ruwan gatarin ya fita ya yi ɓarna. Ya ɗora gungumen a kan wani kututture, ya buɗe ƙafafunsa, a kuma kori yara daga wurin.

Abin da na saba gani shi ne, faskaren darbejiya ko turare yakan bushe cikin mako 6 zuwa 8 a ranin ƙasarmu, marke da ƙirya kuwa sukan nemi wata 3. Ke nan wanda aka fasa a farkon Oktoba shi ne na Disamba, mai taurin kuma na Janairu.

Kada a zube shi a ƙasa. Gara ba ta hutu, ko da rani. A jera duwatsu ko tubalan siminti, a gicciya sanduna biyu a kai, itacen ya tashi daga ƙasa kamar tafin hannu guda, a barbaɗa toka a ƙarƙashi. Sai a jera shi layi-layi, wannan a miƙe, na samansa a gicciye, yadda iska za ta ratsa. Tsayin jerin kada ya wuce ƙugun babba, saboda yara suna hawa. A bar rata tsakaninsa da bango, kada kuma a jingina shi da rumbu, ko danga, ko ɗakin ciyawa, ko kusa da janareto. Samansa kawai ake rufewa da tsohon kwano saboda raɓa. Wanda ya lulluɓe shi da leda har ƙasa ya mayar da gumin cikinsa ne. Ƙirare da kara da totuwar masara a zuba su a buhu daban. Idan za a ɗebo itace da asuba ko da dare a riƙe tocila, a fara bubbuga jerin da sanda, domin kunama da maciji suna son ɗumin cikinsa.

Murhu

Murhun duwatsu uku da muka gada yana da sauƙi, amma ɓarnarsa tana da yawa. Abin da yake isa tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ba, sauran iska ce take kwashewa. Cikin hunturu abin ya fi muni, sai ki ga harshen wuta ya kwanta gefe guda, tuwo ya ƙi nuna. Ga illar hayaƙi kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Mai hali zai iya sayen ingantaccen murhun ƙarfe, irin Mai Sauƙi da aka daɗe ana ƙerawa a Nijar. Amma na laka ba ya cin ko sisi, kuma idan an gina shi daidai yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na itace.

Da farko a nemo ƙasa mai danƙo. Ta tsohon shurin da gara ta bari ta fi, in babu sai yumɓun fadama. A daddaka, a tsince tsakuwa. Ni nakan auna kwano 4 na ƙasa, 1 na busasshen kashin jaki ko na shanu da aka marmashe, 1 na ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa. Ƙaiƙayin yana hana tsagewa, kuma ƙananan ramukan da yake bari idan ya ƙone suna tsare zafi. A zuba ruwa a tattaka da ƙafa har ya haɗe, a tara shi wuri guda, a rufe da buhu, a bar shi ya kwana 5 zuwa 7 ana yayyafa ruwa. Kada a yi gaggawa a nan, lakar da ba ta tsima ba ita ce take rugujewa. Don gwaji, a mulmula dunƙule a ajiye a inuwa kwana biyu. Idan ya tsattsage sosai ƙasar ta cika danƙo, a ƙara yashi kaɗan. Idan ya marmashe a hannu, a ƙara yumɓu.

Wurin gini ya zama inda iska ke fita, kamar ƙarƙashin rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe, nesa da zana da aƙalla taku 4. Idan babu katanga ta ɓangaren arewa maso gabas, a ta da 'yar gajera ta laka ko a kafa kwano. Kada a kare iska da zana ko tabarma.

Sai a ɗauko tukunyar da aka fi girki da ita, domin kowane murhu da tukunyarsa ake auna shi. A daɓe ƙasa da laka mai kaurin yatsa uku, faɗinta ya zarce gindin tukunyar. A dasa duwatsu uku a ciki, masu tsayi ɗaya, busassu. Dutsen da aka ɗauko daga cikin rafi yakan fashe idan ya ji wuta. A ɗora tukunyar da ruwa a ciki, ruwan zai nuna ko ta karkace. Tsakanin daɓen da gindin tukunya ya zama santimita 15 zuwa 18, kusan tsawon hannu daga wuyansa zuwa kan yatsu. Idan ya yi ƙasa wuta za ta shaƙe ta yi hayaƙi, idan ya yi sama zafi ba zai isa ba.

Daga nan a fara zagaye bango da laka, mai kaurin yatsa huɗu, ana ɗorawa kaɗan-kaɗan ana shafewa da jiƙaƙƙen hannu, duwatsun suna shigewa jikin bangon, har ya kai ƙasan kunnuwan tukunya. Sirrin aikin duka yana cikin ratar da ke tsakanin bango da tukunya. Kaurin yatsa guda ake so, wajen santimita 1 zuwa 1 da rabi, ko'ina daidai. Ta nan zafi yake bi ya lashi jikin tukunyar kafin ya fita. Ina tuna Inna a durƙushe, ta tsoma yatsa a ƙwaryar ruwa, ta zura shi tana zagaya tukunya a hankali, sannan ta kama kunnuwan ta ɗan juya ta don kada ta manne. Sai ta ce, "Zo ki sa naki ki ji. In ya matse wuta ba ta numfashi, in ya buɗe itacenki kike ba iska."

Washegari, lakar ta ɗan yi tauri, a cire tukunya a yanka ƙofa da wuƙa tsakanin duwatsu biyu, faɗi da tsayi kamar santimita 12, samanta a lanƙwashe. Kada ƙofar ta fuskanci iskar hunturu kai tsaye, a ba ta gefe. Sai a rufe murhun da buhu ya sha inuwa mako guda, don busasshiyar iska tana tsaga laka idan ta bushe da gaggawa. Duk tsagar da ta fito a cike ta da ragowar kwaɓin. Wutar farko ta zama 'yar ƙarama, ta ƙirare, ta biyu ma haka.

Wadda take da tsohon murhu kuwa, ta kwashe toka, ta kankare baƙi, ta jiƙa wuraren da suka tsage kafin ta liƙe, in ba haka ba sabuwar laka ba za ta kama ba. A kakkaɓe kunkunniyar da ta taru a rufin madafa, don tana kama wuta. Idan murhun mai bututun hayaƙi ne, a zura sanda mai tsumma a goge cikinsa, a duba sheƙar tsuntsu da tsatsa, a kuma ga cewa inda ya ratsa rufi bai taɓa katako ko ciyawa ba. Baƙin danƙon da ɗanyen itace yake tarawa a bututu shi ne yake tashi da gobara.

Hura wuta

Ƙirare da totuwa a ƙasa, siraran faskare 3 ko 4 a kai, bakinsu kawai a cikin wuta, ana izawa sannu a hankali. A gicciya ɗan ƙarfe ko faffaɗan dutse a bakin ƙofa yadda itacen zai ɗaga, iska ta shiga ta ƙarƙashi. Cusa murhu da itace ba ya sa girki sauri, hayaƙi yake jawowa, kuma hayaƙi itace ne da bai ƙone ba. Idan kika ga kumfa tana fita ta gindin ice yana tsuwa, bai bushe ba, ki zare shi ki mayar shanya. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun da dare, idan an sauke girki a ɗora ruwan wanka a kan ragowar zafin. Kananzir a kan itace ake ɗiga shi kafin a ƙyasta ashana, ba a zuba shi a wutar da take ci. Fetur kam ko kusa.

Jin ɗumi

A nan ne ake asarar rayuka kowace shekara. Garwashi, ko ya yi jawur babu hayaƙi ko kaɗan, yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya, sai jini ya kasa kai iska ƙwaƙwalwa. Mai barci ba ya farkawa ya gudu, barcin ne yake ƙara nauyi. A wani gidan haya da muka zauna, wasu samari biyu masu koyon ɗinki sun shiga ɗaki da kurfoti, suka toshe taga da kwali, suka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Da aka ga ba su fito sallar asuba ba aka ɓalle ƙofar. Ɗaya ya yi amai yana nishi, ɗayan ba ya motsi. Allah ya yi da sauran kwanansu, amma har yau ina jin kukan mahaifiyar ƙaramin a tsakar gidan.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. Saboda haka a ji ɗumi a tsakar gida ko a zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa. In an shigar da kasko ɗaki, taga da ƙofa su kasance a buɗe, babba yana zaune a farke, a kuma fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Don ɗumin shimfiɗa, a gasa tubali a gefen murhu a naɗe shi da tsumma mai kauri, ko a zuba ruwan ɗumi a jarka mai murfi, a sa a ƙarƙashin bargo a cire idan za a kwantar da yaro. Jariri hula da safa da jikin uwarsa sun ishe shi.

Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala a lokaci guda, a zargi wannan iska. A buɗe ko'ina, a fitar da su waje, a garzaya asibiti don a sa musu iskar oksijin, ko da sun ce sun ji sauƙi. Manja da madara ba sa karya wannan guba, kuma wanda ya suma ba a ɗura masa komai, zai shaƙe. Ƙuna kuwa, a riƙa kwarara mata ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta. Ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki, ban da gishiri. Lambar neman agaji a Nijeriya 112 ce, ta 'yan kwana-kwana a Nijar 18.

Kowane dare idan an gama, a zare bakin wutar da ya rage a turbuɗe shi a yashi, gobe shi za a fara da shi. Garwashin a yayyafa masa ruwa a waje, kada a cikin murhun laka mai zafi don zai tsage, ya zama gawayin shayi ko na guga. Toka a kwashe ta a bokitin ƙarfe, domin rushi yakan kwana har ya wuni da rai a cikinta, kuma da yawan gobarar bola daga nan take tashi. Bayan kwana biyu, idan an tura hannu an ji ta yi sanyi har ƙasa, sai a raba ta: wata a barbaɗa a ƙarƙashin jerin itace, wata a gauraya da waken ajiya saboda ƙwari, sauran a tara a buhu a kai gona. Bokitin yashi guda da tulun ruwa su kwana a gefen murhu, ashana kuma a ɗora ta inda hannun yaro ba zai kai ba.